Shekarun da Gurjiya Ba Ta Yi Fure Ba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu ba su daina amsa sallamar mutane ba, an yi wani sarki mai suna Barmo a birnin Zallawa, ƙasa mai tafkuna da duwatsu, wadda mutanenta ke da wata al'ada tasu su kaɗai: duk maganar da ta yi wa baki nauyi, fure suke ba wa ya faɗa, kuma sai furen da lokacinsa ya yi. In an yi haihuwa, akan jira ruwan farko a kai wa uwar furen albasar kwaɗi, ma'anarsa barka da isowa. Mai neman aure ba ya buɗe baki, don a wurinsu wannan tayin akuya ne a kasuwa. Sai ya jira damina ta cika tafki, ya shiga ruwa ya tsinko bado, wanda saiwarsa ke kafe a ƙasa komai motsin ruwa, ya miƙa wa wadda yake so. Ta'aziyya kuwa ta gurjiya ce, itacen da ba ya fitar da jan furensa sai ɗari ya kaɗe masa ganye ƙaf. Ranar da aka miƙa wa mai rashi furen nan ya kai shi kabari, ranar makokinsa ya ƙare.

Ana nan, da kaka, sai Allah ya karɓi ran Sarauniya Dije, matar sarki, ta bar shi da 'ya ɗaya tak, Gimbiya Tasalla. Da sanyi ya fara sauka, sarki ya ga gurjiyar ƙofar fada tana shirin yin fure, sai zuciyarsa ta ƙi, domin a ganinsa ƙare makoki rabuwa ce ta biyu. Ya hau doki ya tafi Dutsen Hazo wurin aljana Kurmana, wadda furannin ƙasar ke hannunta, ya roƙe ta ta hana gurjiya fure. Ta gargaɗe shi cewa furannin magana a zare ɗaya suke kamar duwatsun wuya, in aka riƙe ɗaya an riƙe duka. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma kunnen mai baƙin ciki a toshe yake. Sarki ya ce ya ji, ya yarda. Daga ranar, furannin magana duka suka daina fitowa.

Dawa ta ci gaba da yi, auduga ta ci gaba da yi, ba wanda ya kwana da yunwa, amma Zallawa ta zama garin bebaye masu baki. Yara suka yi ƙafa ba a yi musu barka ba, samari suka yi gemu ba aure, masu rashi suka tsufa cikin makoki. Sarki ya kulle kansa a ɗakin marigayiya, ba ya ganin kowa.

Duk cikin garin ba wanda kaɗaici ya ci kamar Tasalla. Uwa ta tafi, uba yana raye amma ƙofarsa a rufe, kuyangi kuwa sai su durƙusa su ajiye akushi su fita da baya. Takan hau soro ta hango tafkin bayan ganuwa, inda Anaruwa ɗan Galadima ke zuwa kowace damina, ya shiga ruwa har ƙirji yana ɗaga ganyen bado ɗaya bayan ɗaya, ya fito hannu wofi, ya dubi soron, ya sunkuyar da kai. Ta san abin da yake nema, shi ma ya san ta sani, amma da a ce ɗayansu ya furta, gara a ce ya yi sata.

Da abin ya ishe ta, sai ta ɗaura zani ta kama hanyar Dutsen Hazo ita kaɗai. Ta ratsa dajin da tsuntsayensa ba sa kuka, ta haye kogin da ke gudu baya, har ƙafafunta suka farfashe, sannan ta iske Kurmana zaune bakin kogo, tsohuwa mai gashi har ƙasa, da wata babbar ƙwarya rufe da faifai a gabanta. Gimbiya ta durƙusa ta faɗi buƙatarta. Aljana ta ɗaga faifan, sai ga furannin shekara duka, kowane da raɓarsa kamar yanzu aka tsinko.

Ta ce, "Ya ke 'yar sarki, alkawarin da na yi wa mahaifinki ba ya warwaruwa da roƙo. Ɗaya kawai zan ba ki, kuma ba a zuwa wurina sau biyu. Zaɓi."

Hannun Tasalla ya tafi kan bado tun kafin ta aike shi. Fari ne sol, ga sanyin tafki a jikinsa, kuma ta san in ta aika wa Anaruwa da shi a ɓoye, gobe zai miƙo mata, ta fita daga gidan shiru har abada. Ba za a ga laifinta ba, don ta sha wuya. Amma sai ta tuna ƙofar nan da ke rufe, da tsohon da ke bayanta, wanda in ta tafi ba mai ko tsayawa ya saurari tarinsa. Ta janye hannu tana kuka, ta ɗauki gurjiya.

Ta dawo ana tsakiyar ɗari. Dogarai suka ga jan abu a hannunta, suka dare gefe. Ta tura ƙofar, ta sami mahaifinta zaune kan tabarma, ya rame, ya yi furfura, mayafin Dije a kan cinyarsa. Ta durƙusa ta miƙa masa furen da hannu biyu. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya tambaye ta wa ya ba ta ikon raba shi da matarsa. Ita kuwa ba ta sauke hannu ba.

Sarki ya daɗe yana duban hannun nan, da ƙafafun da suka farfashe, da fuskar da ya bari ta yarinya ya tarar ta babbar mace. Can sai ya ce a hankali, "Tasalla, ke wa ya miƙa miki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kowa. Mai miƙo mini ɗaya ne, shi kuwa ya rufe ƙofa."

Sarkin da bai yi kuka ba ranar jana'iza, ranar ya yi. Ya karɓi furen, ya mayar mata a tafin hannu, ya yi mata tata ta'aziyyar yadda al'ada ta ce, sannan suka fita tare a ƙasa, ba tambari ba algaita, suka ajiye shi a kan kabarin. Nan take zaren Kurmana ya tsinke, kowace gurjiya a ƙasar ta yi ja, mutane suka fito suna miƙa wa juna ta'aziyyar shekaru.

Bado kuwa bai yi gaggawa don 'yar sarki ba. Sai da ta jira rani da zafin bazara kamar kowa, amma yanzu tana jira ne a soro tare da mahaifinta, suna cin abinci akushi ɗaya. Da tafki ya cika, Anaruwa ya shigo fada da laka har gwiwa, rigarsa na ɗiga a kan shimfiɗun sarki, ba wanda ya tsawata masa. Ya miƙa mata bado, ta karɓa, aka ɗaura aure kafin furen ya yi yaushi.