Juma'ar Ƙarshe ta Baba Issoufou

'Yan uwa, kwana biyun nan raina ba a kwance yake ba. Ko tukunya na ɗora sai in manta da ita. Wanda zan ba ku labarinsa ɗana ne, amma zan faɗa kamar na wani, don ya fi mini sauƙi.

Akwai wani ƙauye a bayan Madina, cikin gonakin dabino. Shekaru da yawa da suka wuce, ma'aikatan gona 'yan Pakistan suka share wani fili suna buga kurket duk Juma'a bayan La'asar. Shi ne wasan nan da wani yake jefo ƙwallo, wani ya buge ta da faffaɗan katako ya ruga da gudu.

Bahaushen da ya fara shiga cikinsu shi ne Issoufou, mutumin Damagaram mai ban ruwa a gona. Da farko dariya suke masa, don kamar taɓarya yake riƙe katakon. Bai yi fushi ba. Shi ya jawo namu, ya jawo 'yan Sudan, har abin ya zama kulob.

A filin nan ake jin inda ake neman ma'aikaci. A nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. Mu mata kan kai shayi da sambusa mu zauna daga gefe, ko da ba mu gane wa yake ci ba.

Suna da al'ada guda. Duk wanda zai koma gida gaba ɗaya, a Juma'arsa ta ƙarshe shi yake fara bugu, ko ya iya ko bai iya ba. Sauran su yi layi biyu su ɗaga katakansu sama, ya wuce ta tsakiya.

To bana iƙamar Baba Issoufou, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, kafil, ubangidan da ya tsaya masa, bai sabunta ba. Sai Juma'arsa ta ƙarshe ta zo daidai da ranar da 'yan garin Yanbu za su zo wasa. Sun daɗe suna cin kulob ɗin, suna kuma yi musu tsiya a waya.

Kyaftin kuwa Mu'azzam ne, haifaffen nan, wanda ya fi kowa iya jifa. A hannun Baba Issoufou ya koya.

Bakri, wani dattijo ɗan Sudan, ya tuna wa Mu'azzam da al'adar. Mu'azzam ya ce idon Baba ya yi rauni, jifan farko za a fitar da shi, gara a yi masa layin bayan an tashi. Bakri ya ce ba haka aka saba ba.

Mu'azzam ya kira shi "ya ammi", wato baffa, ya ce, "Yau wasa muka zo, ba walima ba."

Baba Issoufou yana kusa, ya ji. Ya riga ya ɗaura abin kare ƙafa. Ya zauna a kan kwandon dabino ya kwance shi a hankali, ya ce, "Yaron ya yi gaskiya, ku je ku ci mana su."

Suka kuwa ci. Matasa suka ɗaga Mu'azzam sama. Da aka waiwaya a yi layi, Baba ba ya nan. Ya bi motar gona tun ana tsakiyar wasa, washegari ya tashi zuwa gida.

Juma'ar da ta biyo, Mu'azzam ya je fili da wuri ya share. Matasa kaɗan suka zo. Dattawan ba su zo ba, 'yan Pakistan ma haka. Babu wanda ya zage shi. Bakri dai ya ce da maigidana, kowannensu wata rana zai yi huruj, wato komawa gida gaba ɗaya, yanzu kuma sun ga irin sallamar da za a yi musu.

Tun daga nan filin ba kowa. Ko haihuwar maƙwabciyarmu Tasallah sai daga baya muka ji.

Makon jiya Bakri ya kawo wani abu a naɗe cikin buhu. Katakon Baba Issoufou ne, wanda ya sha gyara da ƙusa da salatif. Wai kafin ya tafi ya ce a bai wa kyaftin, a kuma gaya masa jifansa na ranar ya burge shi.

Yana nan jingine a bayan ƙofarmu. Mu'azzam bai taɓa shi ba, amma ina ganin yadda yake kauda kai in zai wuce. In na ce ya kira Baba ya ba shi haƙuri, sai ya ce, "Halas, ya ummi," wato ya isa haka mama, ya shige ɗaki. Abincinsa ma ya ragu.

Darasi: Kada cin wasa ɗaya ya sa ka kunyata wanda ya koya maka riƙe katako. Mutanen da suke kallon yadda ka sallami tsoho, kansu suke hangowa. Ku tura wa matasanmu, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tunani.

Ni kuma ga tambayata. Ina da lambar Baba Issoufou. In kira shi da kaina in miƙa wa yaron wayar, ko in bar shi har ya iya ɗaukar katakon nan da hannunsa? Don Allah iyaye, ku ba ni shawara.