Haƙurin da Ya Ƙone Albasa

A wani gari na bakin rafi, an yi wani mutum wanda Ubangiji ya ba baiwar sanin zuciyar mutane. Ya kuma je ya yi karatun abin, ya ƙara a kan baiwarsa. In damuwa ta hana mutum barci, ko ta sa shi surutu shi kaɗai, wurinsa ake kai shi. Yakan shimfiɗa tabarma ya saurara, ba ya katse kowa. Ya iya aikinsa, wannan kam ba zan rage masa ba.

A ƙasan rafin kuwa akwai wata gwauruwa mai ɗan lambun albasa, da shi take riƙe 'ya'yanta. Sai wani rani, wani babban manomi da ke sama da ita ya datse rafin da buhunan yashi, ya karkatar da ruwan kaf zuwa gonar shinkafarsa. Manomin nan dattijon ikilisiya ne, a bencin gaba yake zama.

Gwauruwar ta je ta same shi. Ya ce, "Yi haƙuri, uwar yara." Ta je wurin mai unguwa. Ya ce, "A yi haƙuri." Barci ya ƙaurace mata. Kullum da safe sai ta tsaya bakin datsiyar tana ɗaga murya, har mutane suka fara cewa ta taɓu. Matan zumuntar ikilisiya suka kama hannunta, suka kai ta wurin masanin zuciya.

Ta ce masa, "Malam, ni lafiyata ƙalau. Ruwa nake so. In albasar nan ta mutu, sai na raba yarana gidajen dangi."

Ya ce, "Na ji, 'yar'uwa. Amma rafi ba a hannunki yake ba. Zuciyarki ce a hannunki, ita za mu gyara. Ki yi haƙuri."

Ya koya mata jan numfashi a hankali, da yadda ake kawar da tunani in ya taso. Abin ya yi aiki kuwa! Ta soma barci, ta daina zuwa bakin datsiya. Mai unguwa ya ce, "To, tunda an yi shiru, magana ta ƙare."

Ba ita kaɗai datsiyar ta taɓa ba fa. Mai tumatir ya zo da ciwon kai. Mai barkono ya zo yana cewa ya fara dukan 'ya'yansa ba dalili. Kowa a ɓoye yake zuwa, yana jin kunya, yana tsammani shi kaɗai ne ya kasa. Duk garin, mutum ɗaya ne ya san cutar guda ce, ya kuma san bencin da take zama ran Lahadi. Ba sai ya tona asirin kowa ba. Da ya ce wa kowannensu, "Ba kai kaɗai ba ne," da sun haɗa kai. Da ya tsaya gaban dattawa ya ce, "Datsiyar nan tana kwantar mini da mutane," da an ji shi, gama ana ganin girmansa. Amma ina! Sai ya ce a ransa, "Ni aikina zuciya ne, ba rafi ba."

Albasar ta ƙone ƙurmus. Gwauruwar ta kai babban ɗanta gidan kawunsa, ƙaramar 'yarta kuma wata gwaggo ta ɗauka. Ran da za ta bar garin neman aikatau, ta biyo ta yi wa masanin sallama.

Ya ce, "Yaya barci?"

Ta ce, "Ina yi, Malam, na gode. Ran da 'yata ta riƙe zanena tana kuka ana janye ta, numfashi na ja yadda ka koya mini. Ko hawaye ban yi ba. Ka iya aikinka." Ta ɗora ƙunshinta a ka, sa'an nan ta juyo. "Shi mai datsiyar fa, ka taɓa shimfiɗa masa tabarmar nan?"

 Ba ta tsaya jiran amsa ba, ta kama hanya.

Ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunnuwanku. Rafin shi ne hakkin da Ubangiji ya ba kowa. Datsiyar ita ce zalunci. Masanin zuciya kuwa mu ne: fastoci, masu ba da shawara, iyayen zumunta, da 'ya'yanmu da suka karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Baiwa ce mai kyau, kada wani ya fita ya ce na zage ta. Mai damuwa yana bukatar barci. Amma wanda mutane suke buɗe wa zuciyarsu, shi yake fara ganin inda gari yake ruɓewa, za a kuwa tambaye shi abin da ya yi da ganin nan.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne kalmar nan tamu. Ku lura, ko mutum ya taka ka, "yi haƙuri" zai ce. Shi ya yi takun, kai za ka yi aikin! Mun saba da ita har mun mai da ita murfin tukunya, muna rufe kukan gwauraye da ita, mu ce mun kawo salama. Haba, jama'a! Haƙuri na Allah ne, amma ba domin a danne mai gaskiya aka ba mu shi ba.

Makon nan wani zai zo wurinka da kuka. Ka zaunar da shi, ka saurare shi, ka taimake shi ya sami barci. Amma kafin ka ce masa ya yi shiru, tambaye shi wa ya sa shi kukan. In ya faɗa maka, tashi ka sa takalminka.