Tabarmar da Ta Kwana a Gindin Randa

Akwai wata mata a wani ƙauye, sana'arta saƙar tabarma. Hannunta da sauri, zuciyarta kuwa ta fi hannun sauri. Tana zaune da mahaifinta, tsoho ne wanda ciwon ƙafa ya raba shi da gona. Tabarmar da yake kwana a kai ta mutu, duk ta ɓule, har haƙarƙarinsa na taɓa ƙasa. Kullum sai ya tashi yana dafe da baya.

Sai ta yi masa alkawari za ta saƙa masa sabuwa, irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta yanko kaba, ta tsaga, ta rina wata ja wata baƙa, ta fara. Adon ma daga kanta ta fitar da shi, ja yana bin baƙi yana lanƙwasa kamar rafi. Kafin a ankara ta kai rabi.

Sai damina ta sauka. Ga shuka, ga noma, ga ɗanta ya kwanta zazzaɓi. Ta naɗe rabin tabarmar ta soke a rufin ɗaki, ta ce gobe. Aka yi ta gobe har aka kai hatsi rumbu.

Rannan tsohon yana shan hantsi, sanyi ya soma shigowa, yana ɗan tari, sai ya kira ta da sunan da yake tsokanarta da shi.

"Uwata, tabarmar nan fa, ta kwanciya ce ko ta naɗe gawa? Faɗa mini in san shirin da zan yi."

Mutanen gida suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Nan take ta shiga ɗaki ta sauko da tabarmar, ta karkaɗe yanar gizo, ta zauna, ta ce yau sai ta gama.

Ta kama kabar farko ta lanƙwasa, sai ƙas, ta karye. Ta kama ta biyu, ita ma haka. Duk bakin saƙar ya bushe ƙayau. Ta zura wa adon ido, ga shi dai aikin hannunta ne, amma ta rasa ko ja ne zai hau ko baƙi. Ta ƙara ƙarfi, kabar ta ƙara karyewa, har ta yanke ta a yatsa. Ta ce a ranta wannan kam ta mutu, gara a fara sabuwa. To amma sabuwa sai an yanko kaba, an shanya, an rina, tsoho kuwa yana ta tari a kan ƙasa mai sanyi. Haushi ya turnuƙe ta, ta yi jifa da tabarmar, ta faɗi can gindin randa. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ashe randar tana ɗan yoyo ta gindi.

Da gari ya waye za ta hura wuta, sai ta ce bari ta ɓallo bakin tabarmar nan, ko banza ta yi amfani a murhu. Ta kama ta murɗa. Ba ta karye ba. Ta sake murɗawa, kabar ta bi hannunta laushi kamar jiya aka yanko ta. Sai ta tsaya. Ita da tun tana yarinya ta san ba a saƙa kaba a bushe! Gaggawa ce ta mantar da ita.

Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta ajiye a gefe. Saura adon da ya ɓace mata. Sai ta yi abin da ranta ba ya so, ta soma warware saƙar tana komawa baya, a hankali, tana kallon inda kowace kaba ta bi. Tsohon ya leƙo ya tambaye ta ko yau kuma baya ake tafiya.

Ta ce, "Hanya nake nema, Baba."

Ba ta warware ya fi taƙi guda ba sai yatsunta suka tuna tun kanta bai tuna ba. Ranar ɗan kaɗan ta saƙa, kuma bai yi kyau sosai ba. Ba ta damu ba. Kashegari ta yayyafa ruwa ta ci gaba, jibi ma haka. Ko aiki ya yi mata yawa, ba ta yarda rana ta faɗi ba ta taɓa ta ba, har ta kai ƙarshe.

Da ta shimfiɗa masa, sai ta ga wurin da ta tsaya ya fito fili, tsohuwar saƙar ta ɗan koɗe, sabuwar tana ɗaukar ido. Ta soma ba shi haƙuri. Tsohon ya shafa wurin da tafin hannu ya ce ta bari, ai nan ne damina ta ratsa. Ya miƙe a kai. Washegari har rana ta take yana barci, da ya tashi kuma bai dafe baya ba.

To, ga ma'anar misalin nan. Tabarmar ita ce labaran da muka fara rubutawa a ajin Malama Keziya, waɗanda muka yi alkawarin karanta wa ƙananan yara ranar Kirsimeti. Daminar ita ce jarrabawa da aikin gona da duk abin da ya sha gabanmu. Ba zunubi ba ne don damina ta zo. Tsohon kuwa yaran nan ne da suke tare mu a bakin coci suna tambaya yaya labarin ya ƙare.

Wasunmu sun buɗe nasu, sun ji kamar wani ne ya rubuta, sun ce ya mutu, za su yage su fara sabo. Bai mutu ba, bushewa ya yi. Ruwan shi ne ki yi addu'a, sa'an nan ki koma layin farko ki karanta da murya, har mutanen labarin su sake yi miki magana. Warwarar kuma ita ce ka yarda ka soke shafin ƙarshe ka sake bi ta kansa. Kada ku ji tsoron wurin haɗin zai nuna. Ya nuna mana! Allah da ya ba mu baiwar nan bai karɓe abinsa don mun tsaya ba, yaran kuma ƙarshen labari suke jira.

Saboda haka yau ɗin nan, in an tashi sujada, kowa ya je ya sauko da tasa tabarmar daga rufin ɗaki. Kada wani ya ce gobe.