Manomin da Bai San Ƙafar 'Yarsa Ba

A wani ƙauye an yi wani mutum, manomin citta, mai himma ƙwarai. Yana da mata, da 'ya guda mai suna Lidiya, da tsohon mahaifinsa da yake zaune tare da su. Shi da matarsa sun daɗe suna roƙon Allah ya ba Lidiya ƙane ko ƙanwa, har suka gaji suka bar wa Allah.

Mutumin nan yana ƙaunar iyalinsa, babu mai musun wannan. Amma gonarsa tana can hayin rafi da nisa, ya kafa 'yar bukka a ciki. Daga saukar ruwan fari har zuwa haƙar citta, yawancin kwanansa a gona yake. In ya zo gida ma, sai ya ci tuwo yana gyangyaɗi, da sassafe ya saɓa fartanya. Ran Lahadi yakan iso coci a makare, ya tsaya a bakin ƙofa, ana sa albarka ya wuce. In matarsa ta ce, "Maigida, akwai magana," sai ya ce, "Bari mu gama da gona tukuna." In Lidiya ta kawo masa littafinta na makaranta, sai ya ce, "Madalla," bai ko buɗe ba.

A shekarar nan Allah ya sa wa gonar albarka. Cittar ta yi manyan yatsu, aka haƙa, aka tsaga, aka shanya a kan duwatsu har ƙamshinta ya cika hayin. 'Yan kasuwa suka zo da mota suka kwashe, mutumin ya koma gida da abin da bai taɓa samu ba.

Ana nan sai watan Disamba ya kama, gari ya ɗauki haramar Kirsimeti. Mata suna shafe ɗakuna, ana surfen shinkafa gida gida. Tela ba ya ɗaga kai daga kan keke. Kowace yamma ana jin matan zumunta na coci suna koyon sababbin waƙoƙi da kiɗan tulu, waɗanda suke aiki a birni kuma sun fara dawowa da manyan jakunkuna. Mutumin ya duba wannan duka, zuciyarsa ta cika da murna, ya ce a ransa, "Bana iyalina za su san ba a banza na yi ta kwana a daji ba. Kowa zan sayo masa abin da zai daɗe yana tunawa." Bai gaya wa kowa ba, don yana so ya ba su mamaki.

Da ranar kasuwar babban gari ta zo, ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau a-kori-kura. Kasuwa ta cika ta batse. Ga awaki suna kuka, ga kaji a cikin akurki, ga atamfofi an rataye suna rawa a iska, ga masu balan-balan da hulunan yara masu ƙyalli. Mutumin ya shiga yana ta murmushi kamar ango.

Ya fara da rumfar littattafai. Ya tuna mahaifinsa ne yake ba da waƙa a coci tun yana yaro, kuma littafin waƙoƙinsa ya tsufa har bangon ya rabu. Ya zaɓi sabo mai jan bango, ya sa aka naɗe masa a takarda.

Daga nan ya je wurin mai takalma. Idonsa ya faɗa kan waɗansu fararen takalma masu 'yar fure a gaba, ya ce, "Waɗannan na Lidiya ne."

Mai takalma ya ce, "Mece ce lambar ƙafarta?"

Mutumin ya buɗe tafin hannunsa ya gwada. "Kamar haka take."

"Yaushe rabonka da ka duba ƙafar? Yara fa kamar masara suke, kana juya baya sun yi tsawo."

Ya yi dariya ya ce, "Malam, 'yar cikina ce. Wa zai koya mini ƙafarta?"

Sai ya wuce layin masu ɗinkakkun kaya. Can ya ga wata doguwar riga shuɗiya mai tsukakken ƙugu, da aiki a wuya. Ya tuna matarsa ranar aurensu, siririya kamar kara, ya ce lalle wannan ita aka ɗinka wa. Ya ƙara da shinkafa, da man gyaɗa, da fulawar cincin, da ƙaton zakara. A hanyar komawa ya rungume kayan a cinyarsa, mota tana tsalle a ramuka, shi kuwa yana ta zana yadda fuskokinsu za su yi. Har waƙa ya kama yi, fasinjoji suna taya shi.

Ya iso gida rana ta yi sanyi. Ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya fito! Baba, fito. Maman Lidiya, bar tukunyar nan ki zo."

Suka taru suna kallonsa. Ya durƙusa ya miƙa wa mahaifinsa nasa da hannu biyu. Tsohon ya warware takardar, ya shafa bangon, ya kai hanci ya shaƙi ƙamshin sabon littafi, ya sa masa albarka. Sa'an nan ya buɗe ya riƙe a gaban fuskarsa.

Mutumin ya ce, "Baba, ai a juye ka riƙe."

Can Lidiya ta ce a hankali, "Baba, Kaka ba ya ganin rubutu. Tun damina ni nake riƙe hannunsa zuwa coci."

Mutumin ya dubi idanun mahaifinsa da kyau, ya ga wani fari ya rufe su kamar hayaƙi. Amma ya daure, ya jawo takalman ya ce, "Lidiya, zo ki gwada."

Yarinyar ta yi tsalle don murna. Ta sa yatsunta, diddige ya ƙi shiga. Ta lanƙwashe yatsun, ta tura da ƙarfi har ya shiga, ta miƙe ta yi taku tana ɗingishi, tana murmushi, hawaye kuma ya taru a idonta. Ta ce, "Za su buɗe, Baba. Don sababbi ne."

Ya ce, "Cire, 'yata, kada ki ji ciwo." Sai a lokacin ya lura kanta ya kusa kai kafaɗar uwarta.

Saura riga. Matar ta karɓa da godiya, ta shiga ɗaki. Ta daɗe a ciki, sa'an nan ta fito da rigar a ninke a hannunta. Ta ce, "Ta yi kyau ƙwarai, Maigida. Allah ya ƙara buɗi. Zan ajiye ta."

"Ajiya kuma? Don Kirsimetin nan na sayo. Ko ba ki so ne?"

Ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin zanenta. Sai tsohon ya fashe da dariya, ya ce, "Ɗana, ni da idona ya tafi na riga ka gani. Tun ana cin ɗanyar masara na ji takunta ya sake a tsakar gidan nan. Rigarka ba za ta shige ta ba bana. Gidanka zai ƙaru."

Matar ta rufe fuska ta gudu ɗaki don kunya. Mutumin ya bi ta har bakin ƙofa, ya ce, "Gaskiya ne?"

Ta ce, "Ita ce maganar da nake ta cewa akwai."

Mutumin ya rasa abin da zai yi. Ya ɗaga hannuwansa sama yana yabon Allah, ya yi dariya, sai kuma kuka ya kece masa, gama abin da ya yi shekaru yana roƙo ya daɗe da shigowa gidansa, shi ne na ƙarshen sani. Ya tattara takalman da rigar da littafin, ya ce zai koma kasuwa yanzu yanzu ya gyara kuskurensa.

Mahaifinsa ya ce, "Kasuwa ta tashi. In ka koma ma, me za ka sayo? Ka san abin da muke bukata ne? Zauna."

Sai ya zauna. Ya zauna a kan tabarmar nan, bai yi zancen gona ba. Lidiya ta gaya masa ita aka zaɓa ta ba da waƙa a gaban jama'a ran Kirsimeti, ta rera masa, ashe muryar kakanta ta ɗauko. Matarsa ta fito ta gaya masa yadda ɗaukar ruwa daga rafi ya fara yi mata nauyi. Tsohon ya ba shi labarin yadda duhun ya fara, da yadda ya hana a gaya masa don kada hankalinsa ya rabu biyu. Mutumin yana ji, yana tambaya, suna ba shi amsa, har kaji suka shiga akurki.

Ran jajibere kasuwa ta sake ci. A wannan karo bai tafi shi kaɗai ba. Ya sa matarsa a gaban mota, shi da Lidiya suka hau baya suna waƙa. Da mai takalma ya hango su, ya yi dariya ya ce, "Yau ka kawo ƙafar da kanta." Lidiya ta gwada har ta sami daidai ita, ta ƙi cirewa, a ƙafarta ta zaga kasuwa. Aka musanya rigar da atamfar da matar ta zaɓa da kanta. Tela ba shi da sarari, ta ce ba kome, za ta ɗaura haka. Mutumin kuma ya yi magana da mai kurar ruwa na ƙauyensu ya riƙa kawo musu ruwa gida.

Littafin ne kaɗai ba a mayar ba, gama tsohon ya hana. Ya ce, "Ku bar mini abina. Akwai masu ido a gidan nan." Tun daga ranar, kowace yamma mutumin yakan zauna kusa da mahaifinsa ya karanta masa baiti, tsohon ya ɗora murya, Lidiya da uwarta su amsa.

Ran Kirsimeti, shi ne ya riƙe hannun mahaifinsa zuwa coci, suka isa tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Ya zauna a ciki, ya ji 'yarsa ta ba da waƙa, jama'a suka amsa har kwanon rufi yana amo. Da aka shiga sabuwar shekara ya kai tsohon asibitin ido a birni. Likita ya ce yanar ido ce, aka cire, ido ɗaya ya buɗe. Da shi tsohon ya ga jikansa namiji ranar suna.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana. Manomin nan ba mugu ba ne, ba marowaci ba ne kuma. Ya yi wahala saboda iyalinsa, ya ba da kyauta da zuciya ɗaya. Abin da ya rasa shi ne sanin waɗanda yake ƙauna. Ya saya wa mahaifin da ya sani dā, da 'yar da ya sani bara, da amaryar da ya aura. Mutanen da suke gabansa kuwa bai dube su ba.

Gonar nan ita ce duk abin da yake cinye kwanakinmu. Ga wani shago ne, ga wani ofis, ga wata sana'a, ga wani ma aikin coci. Aiki ba laifi ba ne, Allah ne yake ba da ƙarfin yinsa. Amma mutum yana iya kwana gida ɗaya da mutane shekara guda, bai san wanda idonsa yake dushewa ba, bai san wanda ya girma ba, bai ma san an amsa addu'arsa ba.

Ku duba yadda Allah ya yi tasa kyautar. Bai tsaya daga nesa ya kintata bukatarmu ya aiko da saƙo ba. Ya zo da kansa. Yesu Almasihu ya zauna a cikinmu, ya ci abinci da mutane, ya san yunwa da gajiya da hawaye, ya tambayi marasa lafiya abin da suke so. Shi ya sa kyautarsa ba ta matse kowa ba, ba ta kuma yi wa kowa yawa ba. Ta zo daidai da ciwonmu, wato gafarar zunubi da sulhu da Allah. Wannan ne muke murna da shi a Kirsimeti.

Haka kuma tsakaninmu da Ubangiji. Da yawa za mu kawo wa Allah baiko na godiyar ƙarshen shekara, wannan abu ne mai kyau. Amma yaushe rabonmu da mu zauna a gabansa mu ji abin da yake so? Wataƙila abin da yake jira a wurinka shi ne ka shirya da ɗan'uwanka kafin shekara ta fita.

Saboda haka ku je kasuwa da murna. Ku sayi atamfa da takalma, ku soya cincin, ku kai wa maƙwabta abinci, na coci da waɗanda ba na coci ba. Sai dai kafin ku tafi, ku shimfiɗa tabarma. Maigida, ka tambayi matarka abin da ya dame ta bana, ka jira amsa. Uwargida, ki dubi 'ya'yanki ɗaya ɗaya. Ku matasa da kuka dawo daga birni, ku ajiye waya ku zauna da tsofaffinku. Akwai wanda ya yi shekara a gidanku yana cewa akwai magana. Ku ji ta yau, tun shekarar ba ta ƙare ba.