Hankaka Ya Nemi Sarautar Tsuntsaye

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku matso, ku daina tsokanar juna.

Wata shekara sarkin tsuntsaye ya rasu bai bar magaji ba. Aka ce a yi zaɓe. Tsuntsayen tudu suka tsayar da Hankaka, na ruwa suka tsayar da Dinya. Tsohuwar Kurciya ta ce kowa ya hau reshen tsamiya ranar kasuwa, ya faɗa wa jama'a abin da zai yi musu.

Hankaka akwai baki. In ya buɗe shi, har mai gyangyaɗi sai ya farka.

Kasuwar farko Dinya ta ce za ta yashe tafki, kowa ya sha ruwa mai kyau. Aka tafa mata sosai. Tafin nan ya tsaya wa Hankaka a rai. Ya hau reshe ya ce, "Wa ya fara ɓata tafkin? Mu ne muke wanka a ciki?"

'Yan tudu suka ce, "Ba mu ba ne!"

A gida matarsa ta ce, "Maigida, ai mu ma muna sha muna wanka."

Ya ce, "Ke, siyasa ce. Gobe an manta."

Kasuwa ta biyu Dinya ta yi zancen rumbun tsimi saboda rani. Hankaka ya ce, "Ku dubi ƙafafunsu! Yatsu a manne kamar faifai. Waɗannan 'yan'uwanmu ne? Baƙi ne, ruwa ya kawo su!"

Aka yi ta shewa. Ran nan da yamma 'ya'yan Zabuwa suka jefi 'ya'yan Agwagwa a hanyar tafki.

Kurciya ta sami Hankaka ta ce, "Ɗana, ka soki rumbunta, ka soki yasar tafkinta, ba mai hana ka. Amma ka bar ƙafafun mutane. Kai kana faɗa kana dariya, masu jin ka ba dariya suke yi ba."

Ya ce, "Inna, bari a gama zaɓe, ni da kaina zan sasanta su."

Kasuwa ta uku taro ya cika maƙil. Hankaka ya ga idanu duk a kansa, kansa ya yi girma. Ya ce, "Muddin sheƙunansu na cikin ciyawar bakin tafki, ba mu da kwanciyar hankali. Ƙasar nan tamu ce, sai mun share ta!"

Ya sauko ana ta yi masa kirari, ya tafi neman abin kalaci.

To, akwai Shirwa, mai zafin kai, wadda ba a faɗa mata magana sau biyu. Ta tashi ta je inda manoma ke ƙona saura, ta suro kara mai ci da wuta, ta saki a ciyawar bakin tafki. Ciyawa ta bushe ƙamas. Wuta ta cinye sheƙar Dinya da ƙwayayenta, ta cinye ta Agwagwa. Sai iska ta juya. Wuta ta haura tudu, ta kama bishiyar da Hankaka ya yi sheƙa.

Hankaka ya taho a guje yana ihu, "Ku daina! Ba haka nake nufi ba! Ku daina!" Wa zai ji shi? Ya faɗa cikin hayaƙi, ya rungumo ɗansa ɗaya a ƙirji ya fito. Sauran bai same su ba.

Da wuta ta mutu aka taru a gaban Kurciya. Hankaka ya ce da dasasshiyar murya, "Ni ban taɓa wuta ba. Magana kawai na yi."

Shirwa ta ce, "Ni na ɗauko ta. Amma kai ka ce a share, kai ka nuna wurin."

Dinya ta dube shi ta ce, "Ni takara na zo yi da kai, Hankaka. Me ƙwayayena suka yi maka?"

Ya buɗe baki zai ba da amsa. Ba abin da ya fito sai "Ƙaa! Ƙaa!"

Kurciya ta kori Shirwa daga gari, shi ya sa har yau take shawagi a sama ita kaɗai. Sarauta aka ba Dinya. Hankaka kuwa, da can fari ne fat, hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin, sai ƙirjinsa kawai ya rage fari, inda ya rungume ɗansa. Muryar ba ta dawo ba.

Saboda haka, yara, duk wanda ya hau sama jama'a na sauraronsa, ya auna maganarsa kafin ya sake ta. Cikin taron akwai wanda zai ɗauke ta ya aikata, kuma laifin har da mai faɗa.

Ƙurunƙus kan kusu! Tawa ta ƙare, kowa ya naɗe tabarmarsa.