Dariyar Da Ta Rufe Bakin Yaya

Akwai wani marubucin wasan barkwanci na talabijin da Allah Ya ba 'ya'ya biyu. Auta yarinya ce mai baiwa, tun tana shekara biyar take karanta jarida, abin da ta ji sau ɗaya kuma ya zauna ke nan. Yayanta kuwa yana da in'ina. Kafin ya fitar da kalma sai ya runtse ido ya buga ƙafa.

Uban ya ƙirƙiro shiri a kan yarinya mai baiwa da 'yan gidansu, Auta ce tauraruwa. Mutumin nan ba ya wahalar da kansa da tunani. Duk abin da aka faɗa wajen cin abinci, washegari yana cikin wasa.

Matarsa ta sha gaya masa, "Baban yara, gida fa ba wurin aiki ba ne."

Sai ya ce, "Wa zai gane? Ai na canza sunaye."

Wata rana Yaya yana ba da labarin ƙwallon da ya ci a makaranta, sai ya maƙale a kalma guda. Auta ta ce cikin yarinta, "Yaya, ka gama kafin mu tsufa." Aka yi dariya, har shi ma ya murmusa, tunda a cikin gida ne.

Uban ya nemo ɗan wasa, ya koya masa runtse ido da buga ƙafa sak irin na ɗansa. Ya sa Auta ta maimaita maganarta, aka ɗora dariyar na'ura a kai.

Ranar da aka haska shirin duk suna falo. Yaya ya ga ana kwaikwayonsa, dariyar mutanen da bai sani ba ta cika ɗakin. Ya tashi ya kai kwanonsa kicin, bai dawo ba.

Washegari tun daga ƙofar makaranta yara ke binsa suna buga ƙafa: "Ka gama kafin mu tsufa." Ya daina ɗaga hannu a aji. Gaisuwa ta koma da ka. Daga nan bakin ya rufe gaba ɗaya. Likita ya duba, ya ce maƙogwaronsa lafiya lau.

Abin takaici, uban murna yake yi, wai an ce a ƙaro irin wannan kashin.

Ranar ɗauka aka kunna fitilu, aka saita kyamara. Da aka zo kan Auta sai ta yi shiru.

Uban ya ce, "Kin manta ne?"

Ta ce, "Ni ba na mantuwa, Baba. Yaya nake jira ya gama maganarsa. Har yanzu bai gaya mana yadda ya ci ƙwallon ba."

Ta cire makirufon daga wuyan rigarta, ta ajiye a ƙasa.

Uban ya bar wurin ɗauka. Ya koma gida, ya zauna a bakin gadon ɗansa, ya ce, "Ba ni labarin ƙwallon nan. Zan jira ko zai kai gobe."

Yaron ya dube shi, ya dubi biron rubuta wasa da ke maƙale a aljihun uban, ya juya fuska bango.

An dakatar da shirin. A hankali magana ta dawo wa Yaya, yana hira da mahaifiyarsa da Auta. Amma har yau, da ya ji takun babansa a tsakar gida sai ya yi shiru.

Darasi: Raunin ɗanka amana ce a hannunka, kada ka mayar da shi abin dariyar jama'a, kuma kada baiwar wani ɗa ta sa ka taka ɗan'uwansa. Masu kallo za su manta, yaron ba zai manta ba. Ku tura wa iyaye, musamman masu ɗora 'ya'yansu a bidiyo.