Jan Biron Baba Malam

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, tsohon malamin lissafi da ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, ɗansa tilo ya yi nisa, sai waya jefi-jefi. Gidansa tsit, kofi ɗaya, kujera ɗaya.

Wata mai ɗinki ta ɗauke shi ya riƙa yi wa ɗanta lesin, ɗan aji biyar na sakandare da lissafi ya sa a gaba. Litinin da Laraba bayan la'asar yake zuwa. Su zauna a teburin falo mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, keken ɗinki na ƙara a ɗaki, yaro na ce masa Baba Malam. Wallahi tun daga Alhamis bawan Allahn nan yake marmarin Litinin.

Ya kuwa iya koyarwa, kada mu ci haƙƙinsa. Shekara guda kan yaro ya buɗe. Wani lissafin ma kafin Malam ya gama goge tabarau an warware shi.

Da aka shiga ajin ƙarshe, uwar ta tsayar da keke ta fito. Ta ce, "Baba Malam, shawara nake nema. Yaron nan ya ce yanzu yana ganewa da kansa. Mu tsayar da lesin ne, ya ba sauran darussa lokaci? Abin da ka ce shi za a yi."

Kun ji amana? A tafin hannu ta ɗora masa. Ya dubi teburin nan, ya tuna shirun gidansa. Sai ya ce, "Da saura, 'yata. Kallon kitse kike yi wa rogo."

Ita kuwa ƙarya ba ta tafiya sai da shaida. Malam ya fara soke amsar daidai da jan biro. In yaro ya ce, "Baba Malam, ina kuskuren?" sai ya ce, "Yi tunani, za mu dawo kansa ranar Laraba." Laraba ta zo, a shiga wani babi. Wata bakwai ana haka, har yaron da ke amsa da ƙarfi ya koma sai ya kalli fuskar Malam kafin ya ajiye biro.

Ranar jarrabawa babu fuskar da zai kalla. Ya warware tambaya, ya yi kokwanto, ya soke, ya sake. Lokaci ya ƙare takarda duk shafe-shafe. Ya faɗi lissafi warwas.

Malamin ajinsu ya kasa yarda, ya ce a kawo masa littattafan lesin. Shafi bayan shafi, amsa daidai, jan biro a kanta.

Da aka nuna wa uwar, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa tsohon littattafan a bakin ƙofa, ya gaya mata gaskiya yana hawaye. Ta ce, "Haba Baba! Da ka ce kaɗaici ne, ai kujerar nan taka ce, ko babu lesin." Ta rufe ƙofa.

Labari ya bazu, babu gidan da ya sake buɗe masa. Har yau, Litinin da Laraba, yakan sa riga mai guga ya tsaya a bakin layinsu, ya saurari keken ɗinki, ya juya. Ran nan yaron ya wuce shi, ya rusuna ya ce, "Sannu, Malam." Kalmar "Baba" ta tafi.

Ya 'yan uwa, kewa ba zunubi ba ce. Amma wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Abin da za a ba ka kyauta in ka roƙa, don me za ka sata? In ɗalibinka ya iya, ce masa ya iya, ka sake shi.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar masu ƙaunarmu, ya ɗebe wa tsofaffinmu kewa. Amin.